Wa ke yanke hukunci, sel ya zama giliya ko niyuron?

Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin jiki ku taimaka mani. An ba ni semina kan yadda sel ɗin giliya ke samuwa a jikin ɗan tayi, kuma akwai inda kaina ya ɗaure. A ƙuda abin a miƙe yake: akwai ƙwayar gado guda, gcm, in ta kunnu sel ya zama giliya, in ba ta kunnu ba ya zama niyuron. Da na koma kan ɓera da mutum sai ga sunaye rututu, Sox9, NFIA, Olig2, Sox10, STAT3. To wanne ne gcm ɗinmu a ciki? Ko mu ba mu da shi ne?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Kafin malamai su ɗauki zafi, a tausaya ma irinmu da zumunci ya jawo cikin zauren nan. Mene ne kuma giliya? Mu dai ƙwaƙwalwa muka sani da laka.

Dakta Abu Sudais:
Alhaji, taka ce ma ya kamata a fara amsawa. Ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi, sel, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da ke gina jiki, iri biyu suka ƙunsa. Akwai niyuron masu aika saƙo da lantarki. Akwai giliya, su ba su aika saƙon, amma in babu su niyuron ba ya kai labari. Astirosait suna ciyar da niyuron, suna kwashe sinadaran da suka taru a gefensa, suna taimakawa wajen tsare iyakar jini da ƙwaƙwalwa. Oligodendirosait, mu ce oligo don sauƙi, su ke naɗe zaren niyuron da wani rufi mai kitse, mayelin. A zaren da aka naɗe, saƙo kan yi gudun mita 100 a daƙiƙa. Wanda ba a naɗe ba, wajen mita 1 yake yi. A jijiyoyin hannu da ƙafa sel ɗin Shuwan ke wannan naɗin. Sai maikirogiliya masu share datti da tare cuta.

Tsofaffin littattafai kan ce giliya sun ninka niyuron sau 10 a ƙwaƙwalwar mutum. A 2009 masu bincike a Burazil suka ƙirga, suka sami niyuron wajen biliyan 86, sauran sel ɗin ma kusan haka. Kusan kunnen doki ke nan.

Abin da Ummi ke tambaya kuwa shi ne wannan: sel ɗin hantarka da na idonka da na ƙwaƙwalwarka duk DNA ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya raba su shi ne waɗanne ƙwayoyin gado aka kunna, waɗanne aka rufe. Masu wannan aikin wasu furotin ne da ke gane wani gurbi a jikin DNA su zauna a kai, ko dai su jawo injin da zai karanta ƙwayar gadon, ko su tare mashi hanya. Su ne makunnai, irin su gcm da sunayen nan da Ummi ta jero. Mutum yana da wajen 1,600.

Baban Walid:
Allah mai iko. Na fahimta, ku ci gaba, ina gefe.

Ɗan Kusugu:
Dakta ranka ya daɗe, a bar mani na ƙuda, nan ne gidana. Ummi, ƙudan da ake magana ba na kan nama ba ne. Ɗan mitsitsin nan ne mai jan ido da za ki ga ya yi dandazo kan ruɓaɓɓen mangwaro a tiren masu kayan marmari. Dirosofila. A 1995 ɗakunan bincike biyu, ɗaya a Tokiyo ɗaya a Kalifoniya, suka ba da rahoton ƙwayar gado ɗaya a lokaci guda. Da suka lalata ta, ɗan tayin ƙuda ya rasa kusan dukkan giliyarsa. Kuma ba mutuwa sel ɗin suka yi ba, nan ne daɗin labarin. Suna nan a gurbinsu, amma sun zama niyuron. Da aka juya gwajin, aka tilasta wa sel ɗin da za su zama niyuron su kunna gcm, sai suka koma giliya. Wani ɗakin bincike a Faransa ya same ta shi ma a 1996.

Gcm ba ya daɗewa a kunne. Yana tashi ne ya tada makunnan da ke ƙarƙashinsa, Repo da Pointed da Tramtrack, ya kwanta. Repo shi ke zama a sel ɗin har ƙarshen rayuwarsa, shi ya sa masu bincike ke gane giliyar ƙuda da shi. Pointed yana kunna kayan aikin giliya. Tramtrack kuma aikinsa rufe ƙwayoyin gadon niyuron, don kada sel ya zama rabi da rabi. Ni a wurina wannan shi ne mafi tsabtar gwaji a fannin nan kaf. Cire shi, babu. Saka shi, akwai.

Ummi:
Yaya, shi ne fa abin da ya ruɗe ni. In abin ya yi kyau haka a ƙuda, me ya hana mu?

Dakta Abu Sudais:
Muna da shi, har guda biyu, Gcm1 da Gcm2. Kowa ya zaci an gama, sai a duba ɓera a ga abu ɗaya. Da aka cire su a shekarar 2000 sai labari ya sha bamban. Ɓeran da aka cire wa Gcm1 yana mutuwa a ciki wajen kwana 10 da ɗaukar ciki, saboda mabiyiya ba ta ginu yadda ya kamata ba. Wanda aka cire wa Gcm2 kuma an haife shi babu faratayirod, ƙananan halittun nan da ke bayan maƙoshi masu daidaita kalsiyam a jini. Akwai mutanen da ake haifa da naƙasa a GCM2, kuma abin da ke kai su asibiti ƙarancin kalsiyam ne da ɗaurewar tsoka, ba rashin giliya ba. Furotin ɗin yana nan, kamanninsa suna nan, amma a jikinmu wani aikin aka ba shi.

Ko a ƙudan ma, Ɗan Kusugu ya tsallake wani abu. Giliyar da ke tsakiyar layin jijiyarsa ba ruwansu da gcm, wani makunni ne daban, single-minded, ke kan asalinsu. Gcm ɗin kuma yana aiki a sel ɗin jinin ƙuda.

Ɗan Kusugu:
Ban tsallake ba Dakta, ajiye shi na yi sai an tambaya 😄 Amma ni har yanzu ina kan bakana. Suna ne ya canza, tsarin yana nan. A 2006 an nuna a lakar ɗan tayin kaza cewa in aka kashe NFIA giliya ba su fara samuwa, in aka kunna shi da wuri alamominsu su fito da wuri. Me ya raba wannan da gcm? Ummi ki rubuta NFIA ki huta.

Dakta Abu Sudais:
Kada ki rubuta. In kika rubuta haka, malamin da ya san abin zai tambaye ki ina kika kai Sox9, wanda tun 2003 aka nuna a Jamus cewa in aka cire shi daga lakar ɓera, oligo da astirosait duk suna raguwa, niyuron su ƙaru. Daga baya ma aka gano Sox9 ke kunna NFIA, sannan su haɗu su yi aiki tare. To wa ke gaba da wa?

Bari in ba ku gwajin da ya fi zauna mani a rai, na Japan, 2001. A ƙwaƙwalwar ɗan tayi, uwayen sel iri ɗaya ne ke haifar niyuron da farko, daga baya su koma haifar astirosait. An san akwai wani sinadarin saƙo, LIF, da ke tada STAT3, shi kuma STAT3 ya je ya kunna GFAP, ƙwayar gadon da ake gane astirosait da ita. Sai aka ɗebo uwayen sel daga ɗan tayin ɓera mai kwana 11 da rabi, aka zuba masu LIF. STAT3 ya tashi lafiya lau, amma GFAP shiru. Aka ɗebo na mai kwana 14 da rabi, aka zuba LIF ɗin nan dai, GFAP ya kunnu. Kwana 3 kacal tsakani. Da aka bincika sai aka ga gurbin da STAT3 zai zauna a jikin DNA an liƙa mashi alamar metil, wani ɗan sinadari da ke toshe gurbi, a na farkon, ba wurin zama. A na biyun an goge alamar.

Wa ya goge? Nan NFIA ya shigo. Niyuron ɗin da aka fara haifa suna taɓa uwayen da ke maƙwabtaka da su, su tada masu Notch, furotin da ke karɓar saƙon taɓawa a bayan sel, Notch ya kunna NFIA, shi kuma NFIA ya kawar da enzayim ɗin da ke liƙa metil. Sannan su waɗannan jariran niyuron su ke fitar da wani sinadarin, kadiyotirofin-1, wanda ke tada STAT3. Wato 'ya'yan fari ne ke sanar da uwa cewa mun isa haka, koma kan giliya. A lokacin da ake haifar niyuron kuwa, Neurogenin1 yana riƙe wasu furotin ɗin da STAT3 ke buƙata kafin ya yi aiki, ya hana shi su.

Ɗan Kusugu, kai Badauri ne, ka san sarauta. A ƙuda sarki ne ke naɗi, ya faɗa ta zauna. A wurinmu masu zaɓen sarki ne. Ko Kaura ya so, sai ya ji ta bakin Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, kuma ba a zama sai gadon ya zama babu kowa a kai. NFIA yana cikin majalisar, muryarsa da ƙarfi, amma ba shi kaɗai ba ne.

Ɗan Kusugu:
Dakta ya kawo mani masu zaɓen sarkin Katsina don ya rufe bakin ɗan Daura. To mun ji. Amma a kowace majalisa akwai wanda in bai zo ba ba a zama.

Mai Zaure:
A dai tsaya kan giliya, kada a tono mana tsohuwar gardamar wa ya girmi wa 😂

Ummi:
Dakta, Olig2 fa? Shi sunansa ma na oligo ne. Ba shi ne shugaban nasu ɓangaren ba?

Dakta Abu Sudais:
Shi ne ma babbar hujjata. An gano Olig1 da Olig2 a 2000. A ƙasan lakar ɗan tayi akwai wani siririn yanki da uwayen sel ɗinsa ke ɗauke da Olig2. Sinadarin Sonic hedgehog da ke fitowa daga ƙasa shi ke shata masu wannan yankin. Abin da suke fara haifa ba oligo ba ne, niyuron ne masu motsa tsoka, waɗanda da su kike ɗaga hannu yanzu kina danna waya. Sai wajen kwana 12 da rabi a ɓera, wurin nan dai, da Olig2 ɗin nan dai, ya koma fitar da jariran oligo. A 2002 aka cire Olig2, laka ta rasa duka biyun, babu niyuron masu motsa tsoka, babu oligo. Da aka cire shi tare da Olig1, sel ɗin yankin suka koma haifar wani irin niyuron na daban, daga baya astirosait.

Yaya makunni ɗaya zai ba da umarni biyu? A 2011 wani ɗakin bincike a Landan ya nuna akwai wani gurbi a jikin furotin ɗin, na 147 a jerin sassansa. In an maƙala wani ɗan sinadari, fosfet, a wurin, Olig2 yana kama ɗan'uwansa Olig2 su yi aiki, a sami niyuron. In aka cire fosfet ɗin sai ya canza abokin tafiya, a koma oligo.

Kuma zama jaririn oligo ba shi ne naɗa mayelin ba. Akwai Nkx2.2, akwai Sox10, akwai Myrf da aka gano a 2009. In babu Myrf, oligo zai girma har ya kai bakin aiki ya tsaya, ba zai naɗa ba. In aka cire shi a babban ɓera da ya riga ya naɗa, mayelin ɗin lalacewa yake yi. Ke nan hukuncin ba sau ɗaya ake yanke shi ba, kullum sai an sabunta.

Ɗan Kusugu:
Kan Myrf akwai gwajin da nake so. 2014, Landan. Aka cire Myrf daga jariran oligo na manyan ɓeraye, yadda tsohon mayelin yana nan amma ba za a yi sabo ba. Aka sa su a keken gudu da aka cire wa wasu sandunan takawa, tazarar ta zama ba daidai ba. Ɓeraye masu lafiya sukan koyi takun a 'yan kwanaki. Waɗannan suka kasa kamo su. Amma waɗanda suka riga suka koya kafin a cire masu Myrf ba su manta ba. Koyon sabon aikin hannu da ƙafa yana buƙatar sabbin oligo. Ni tun da na karanta wannan nake yi wa yaran da ke koyon ɗinkin hula wani irin kallo.

Injiniya:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ina bin ku tun ɗazu, kuma abin da daɗin ji. Amma tsakani da Allah, mu da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika mana asibiti duk damina, wace riba za mu ci a ƙuda da ɓera masu gudu a keke? Wannan ilimin masu ƙoshi ne. Ummi ta haddace ta ci jarrabawa, shi ke nan.

Anti Nas:
Injiniya, ka taɓa shiga asibitin Babbar Ruga da ke Katsina? Ni na yi aiki da masu kuturta. Za ka ga dattijuwa ta zo da tafin hannu ya sale, ta ɗauki tukunya daga kan murhu ba ta ji zafi ba, sai da jikarta ta ga fatar ta tashi. Muna sa su rufe ido, mu taɓa tafin ƙafa da bakin biro wuri-wuri, mu ce ki nuna inda na taɓa. Wata sai ka taɓa sau nawa tana zaune tana jira ka fara. Ka lalubi bayan gwiwar hannu ka ji jijiyar ta yi kauri a ƙarƙashin yatsanka. Mutane suna zaton cutar ce ke cin yatsu. Ba ita ba ce kai tsaye. Jijiya ce ta mutu, sai rauni kan rauni, ba a ji balle a kula.

Kuma ka san inda ƙwayar cutar ke zama? Cikin sel ɗin Shuwan. Giliyar da kake cewa ta masu ƙoshi ce. Maganin yana nan kyauta, wata 6 ko wata 12 gwargwadon irin cutar, yana kashe ƙwayar sarai. Amma jijiyar da ta riga ta lalace ba ya dawo da ita. In akwai ilimin da zai dawo da ita wata rana, ta wannan hanyar da su Dakta ke magana zai biyo.

Dakta Abu Sudais:
Anti, Allah ya saka da alheri, kin kawo mu gida. Sel ɗin Shuwan ba daga cikin laka suke fitowa ba. Wani ayarin sel ne ke ɓallewa daga gefen bututun jijiya, wanda shi ke zama ƙwaƙwalwa da laka, tun ɗan tayi yana ƙarami, su bazu cikin jiki. Daga cikinsu ake samun Shuwan, da sel masu ba fata launi, da jijiyoyin hanji. Sox10 ke riƙe da su duka. Shi ya sa yaron da aka haifa da naƙasa a SOX10 za ka iya ganin abubuwan da kamar ba su da alaƙa sun haɗu a kansa: kurumta, farin gashi a goshi ko ido mai shuɗi, da hanjin da ba ya tura bayan gida. A cikin Shuwan, Sox10 yana tada Oct6, su biyun su tada Krox20. A 1994 a Faris aka cire Krox20, sel ɗin suka rungumi zaren jijiya suka tsaya nan, babu naɗi.

Game da kuturta, a 2013 masu bincike a Edinbara suka sa ƙwayar cutar cikin sel ɗin Shuwan na ɓera. Sai ta dushe Sox10 da sauran alamomin Shuwan, ta maida sel ɗin baya, suka zama kamar uwayen sel masu yawo, har suna rikiɗa su zama tsoka suna ɗauke da cutar. A ɓera da kwanon gwaji aka ga wannan, a lura. Amma ka ga ƙwayar cuta ta iya taɓa makunnan da mu muke ta fama mu gane.

Injiniya:
Anti ta ɗaure ni da jijiyata. Amma maganar kuɗi tana nan, wa zai sayi kayan irin wannan bincike a nan?

Ɗan Kusugu:
Shi ya sa nake maku wa'azin ƙuda. Abincinsa garin masara da yis, a kwalba yake zama, cikin kwana 10 ka sami sabon zuri'a. Kuma ba sai an je Turai ba, tun 2021 akwai cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da manyan madubin gani na zamani, ana koyar da irin wannan aikin.

Baban Walid:
To ni ga tawa, kuma da gaske nake. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, hannun dama har yau ba ya ɗaguwa. Wani ƙanena ya turo mani bidiyo a WhatsApp, wai an gano allurar da ke maida waɗannan giliyar su zama niyuron, ƙwaƙwalwa ta warke. Har yana cewa mu fara haɗa kuɗi. Yanzu da na ji kuna cewa ana juya sel daga wannan zuwa wancan, sai na ce ko gaskiya ne.

Dakta Abu Sudais:
Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Alhaji, kada ku haɗa ko sisi. Babu wannan allurar a matsayin magani da aka tabbatar wa ɗan Adam. Amma ba daga iska aka ɗauko zancen ba, bari in faɗa maka tushensa.

Tun 2002 aka nuna a Jamus cewa in aka cusa wa astirosait na jaririn ɓera makunnin Pax6 a kwanon gwaji, wasu kan ɗauki kamannin niyuron. A 2014 wani ɗakin bincike a Amurka ya ce ya yi haka a cikin ƙwaƙwalwar ɓera mai rai da makunni guda, NeuroD1, wanda aka ɗora wa bairos ya kai shi. Hotunan sun yi kyau ƙwarai. An tsara bairos ɗin ya yi aiki a astirosait kaɗai, ya kuma sa masu launi mai haske. Bayan 'yan makonni sai ga niyuron masu wannan launin. Aka ce ai ga shi, sun rikiɗa.

A 2021 wani ɗakin bincike a Dalas ya sake gwajin da bin salsala, wato bin asalin kowane sel. Suka yi wa astirosait tambari na dindindin tun kafin a kawo bairos, tambarin da ko sel ya rikiɗa zai tafi da shi. Niyuron masu launin nan suka fito kamar yadda aka saba, amma babu tambarin a jikinsu. Suka juya, suka yi wa tsofaffin niyuron tambari, sai ga shi a jikin waɗanda ake cewa sababbi ne. Ashe bairos ɗin ne ya zurara ya kunnu a cikin niyuron da dama can suna nan. Masu gwajin farko ba su yarda ba, sun ce yawan bairos ɗin da aka zuba ne ya jawo haka, kuma har yanzu ana ja. Ni dai ina tare da masu bin salsala, don wanda ya ce abu ya rikiɗa shi ke da nauyin nuna asalinsa.

Ga Baba kuwa, abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne motsa jiki a hannun masana gashin ƙashi, da riƙe maganin hawan jini ba fashi don kada ta sake dawowa.

Anti Nas:
Ƙwarai. Kuma a riƙa juya shi a kan gado, a sa matashi a tallafe kafaɗar, kada a ja shi ta hannun da ya shanye in za a tada shi. Kafaɗa da yawa a nan suke gocewa.

Baban Walid:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan tura wa ƙanen nawa wannan ɗin yadda yake.

Ɗan Kusugu:
Dakta, na yarda a hana Alhaji kashe kuɗi, amma kada a rufe ƙofar duka. Kifin zebra in idonsa ya ji rauni, giliyar da ke cikin tantanin ganinsa, waɗanda ake kira sel ɗin Mula, suna kunna makunnin Ascl1 su koma baya su haifi sababbin niyuron, ganinsa ya dawo. Wannan ba gardama a kansa. Ɓera ba ya yin haka da kansa. A 2017 a Siyatil aka kunna wa manyan ɓeraye Ascl1 a waɗannan sel ɗin, da bin salsala yadda kake so, aka sami sababbin niyuron da ke amsa haske. Makunni ɗaya.

Dakta Abu Sudais:
Ƙarasa mana. A jariran ɓeraye Ascl1 kaɗai ya wadatar. A manya bai yi ba sai da aka haɗa da maganin da ke sassauta ɗaurin DNA, don guraben da zai zauna sun riga sun rufe. Labarin STAT3 da GFAP ne ya dawo ta wata ƙofa. Kuma akwai dalilin da ya sa jiki ke rufe su. Olig2 ɗin nan da muke yabo ana samunsa a mafi yawan giliyoma, kansar ƙwaƙwalwa da ke tasowa daga dangin giliya. A 2014 a Boston aka nuna makunnai 4, ciki har da Olig2 da Sox2, sun isa su maida sel ɗin kansar da ya lafa ya koma mai haifar ƙari. Duk wanda zai maida giliya baya a kan mutum sai ya nuna inda za ta tsaya.

Ummi:
Maikirogiliya fa, ban ji an sa su a lissafi ba.

Dakta Abu Sudais:
Don su baƙi ne. Ba daga uwayen sel na jijiya suka fito ba. A 2010 aka tabbatar daga jakar ƙwanduwa, wata 'yar jaka da ke maƙale da ɗan tayi a farkon ciki, suke tasowa, su shiga ƙwaƙwalwa tun ɗan tayi bai yi nisa ba, su zauna suna sabunta kansu. Makunnansu na dangin jini ne, PU.1 da Irf8. Sai sun shiga ƙwaƙwalwa suke kunna Sall1, wanda ke bambanta su da 'yan'uwansu na sauran jiki. Ki ba su shafi guda daban, kada ki cusa su ƙarƙashin Sox9.

Injiniya:
Tunda an ce Shuwan na komawa baya, ga tambaya ta aiki. Wani yaron shagona gilashi ya yanke shi a wuyan hannu, an ɗinke fatar, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba ya jin su. Wasu na cewa a bar shi, jijiya da kanta take tohowa. Haka ne?

Dakta Abu Sudais:
Rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ne mai haɗari. In jijiyar hannu ta yanke, sel ɗin Shuwan da ke gaban yankan suna kunna c-Jun. Shi ke sa su ajiye aikin mayelin, su cinye tsohon, su kira masu share datti, su jeru layi-layi su yi wa sabon zare hanya. A 2012 aka nuna in babu c-Jun a Shuwan, tohowar ba ta yin kirki. Oligo ba su da wannan dabarar, yana cikin dalilan da suka sa raunin laka ba ya warkewa kamar na hannu. Zaren yana tafiya wajen milimita 1 a rana.

Amma sai bakin biyu suna haɗe. In gilashi ya raba jijiyar gida biyu, ɗinkin fata bai haɗa ta ba, zaren zai toho ya rasa hanya ya cure wuri ɗaya. Su kuma Shuwan ɗin da ke jira ba su jira har abada, in watanni suka ja c-Jun ɗinsu yana sauka, tsokar tafin hannun ma ta bushe. Yatsun da ka faɗa na jijiyar da ke bin gefen ƙaramin yatsa ne, ita ke riƙe da yawancin ƙananan tsokokin hannu. Yaushe abin ya faru?

Injiniya:
Sati uku ke nan.

Anti Nas:
To kada ya ƙara kwana a gida. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya gobe da safe, ku ce a haɗa ku da likitocin ƙashi ko na tiyatar gyaran jiki, kuma ku faɗa masu ranar da ya yanke da abin da ya yanke shi. Kafin nan a hana shi taɓa abu mai zafi da wannan hannun, ko kofin shayi ne.